Taga ta Bakwai a Jirgin Malam Samuel

Ƙarfe ɗaya da kwata na ranar Lahadi, Sufeto Ila Sabo ya buɗe kular abincinsa ke nan sai Sajan Rabi ta faɗo ofis.

"Yallaɓai, ga wata mata a bakin kanta daga Kurmin Mashi. Wai an sace wa mijinta jirgi."

"Jirgin ruwa?"

"Na sama jannati, yallaɓai. Wai a ɗaki yake ajiye shi."

Sufeto Ila ya yi sototo da cokali a hannu. Shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda. Ya bi sawun ɓarayin shanu da na babura, har da wani marar kunya da ya taɓa kwance rufin aji guda ya sayar, amma irin wannan ƙara ba ta taɓa zuwa teburinsa ba. Ya rufe kular ya ɗauki hularsa.

Gidan ɗan madaidaici ne a ƙarshen wani layi. An ɓalle kwaɗon ƙofar baya lokacin da mutanen gidan suke coci. Ga talabijin a falo, ga janareta a baranda, ba wanda ya taɓa su.

Matar, Maryamu, ta kai su wani ƙaramin ɗaki. Mijinta, Malam Samuel, malamin zane ne a wata sakandare, mai shekara hamsin da 'yan kai. Yana zaune gaban tebur da kayan cocinsa, ya zuba wa sikirin kwamfuta ido ko ƙiftawa ba ya yi, alhali sikirin ɗin a kashe yake.

"Baban Joy, ga 'yan sanda," in ji Maryamu.

"Malam Samuel, sannu da wannan abu. Ina jirgin yake kafin a ɗauke shi?"

"A cikin kwamfuta, yallaɓai."

"Wato hoto ne?"

Sai a lokacin Samuel ya juyo, kamar an zage shi. "Ba hoto ba ne. Gini ne. Za ka shiga ta ƙofa, ka bi lungu, ka hau bene, ka zauna a kujerar kyaftin. Shekara shida muna gina shi, ni da abokaina."

Ya shiga yi musu bayani. Suna yara a Abakpa akwai wani wasan Turawa na 'yan sama jannati da ake nunawa a talabijin. Jirgin cikin wasan yana da ƙaho biyu, shi ya sa yaran unguwa suka raɗa masa Saniyar Sama. Wasan ya daɗe da mutuwa, an rushe ɗakunan da aka yi shi. Abin da ya rage musu tsofaffin kaset uku ne. Su suke kunnawa, su tsayar da hoto, su auna ƙofa da tsayin ɗan wasan da ke tsaye a bakinta, su zana ta a kwamfuta. Haka suka bi bango bayan bango, maɓalli bayan maɓalli. Ranar Asabar mai zuwa za su saki jirgin a intanet, masoyan wasan na ƙasashe da yawa suna jira.

"Ba ku da kwafi?"

"Biyu. Faifan ajiya ɗaya yana cikin wannan durowa. Ɗayan yana kicin, a gwangwanin madara, ƙarƙashin wake."

"Na kicin ɗin yana nan?"

"Waken kaɗai aka bar mana," in ji Maryamu.

"Wa ya san da gwangwanin?"

"Ni da ita, da abokan aikina biyu. Sharhabil, mai sa wa jirgin fitilu da launi, da Emmanuel. Tare muka tashi tun muna yawo ba takalmi. Ba su ba ne, yallaɓai."

Sufeto ya matso kusa da teburin. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, inda akwatin kwamfutar yake a da. Wayoyi biyar ne a wurin. An zare kowace a hankali, an nannaɗe ta, an ɗaure da roba, an jera su kamar kayan lefe.

"Sajan, kin taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka?"

"Ko ni a gidana ba na naɗe waya haka, yallaɓai."

Maryamu ta rako su bakin ƙofa, ta waiwaya, sannan ta rage murya.

"Oga, idonsa ne. Likita ya ce wata biyu, in Allah ya taimaka uku, ganinsa zai tafi gaba ɗaya. Ya hana ni gaya wa kowa, har abokan nasa. Ba zai iya sake ginawa ba. In bai ga jirgin nan a kammale yanzu ba, ba zai ƙara ganinsa ba har abada."

Dariyar da Sufeto Ila yake ta dannewa tun daga ofis ta mutu nan take. Tausayin mutumin ya kama shi ƙwarai.

Ranar Litinin suka sami Sharhabil a ofishinsa a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai tsabta da farin gilashi.

"Ina kake jiya da safe?"

"Ina gida, yallaɓai. Ko ƙofa ban leƙa ba."

"Motarka fa? Ita ta leƙa?"

"Ban gane ba."

Sajan Rabi ta buɗe ɗan littafinta. "Mai ƙosai ta bakin layin Malam Samuel ta ga motarka wajen sha ɗaya da rabi. Ta ce ka shiga, ba ka yi minti biyu ba ka fito da gudu, har ka kusa take mata kasko."

Gumi ya karyo wa Sharhabil duk da fankar da ke juyawa a kansa. Ya cire gilashin ya mayar.

"Wallahi kaset na kai masa, na ce zan bari a baranda. Ina zuwa na tarar da ƙofa a ɓalle. Sai na ce a raina, kowa yana coci, ni kaɗai ne ba na zuwa, ga ni tsaye a gidan da aka fasa. Wa zai yarda da ni? Tsoro ne ya sa na gudu."

"Tsoron ne kuma ya sa ka yi mini ƙarya yanzu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ke da matsala da Samuel?"

Sharhabil ya ɗago kai. "Sai dai maganar taga."

"Wace taga?"

"A ɗakin tuƙin jirgin akwai jerin tagogi a bayan kujerar kyaftin. Hoton kaset ɗin ya dushe. Samuel ya ce bakwai ne, Emmanuel ya ce shida. Wata uku suna wannan rigima. Kwanakin baya a falon Samuel, Emmanuel ya buga tebur ya ce ko a kabari aka tashe shi zai ce shida. Samuel ya fusata ya goge sunansa daga allon."

"Wane allo kuma?"

"Akwai allon tagulla a bangon ɗakin tuƙi, mai sunayen waɗanda suka gina jirgin. Da mu uku ne. Yanzu biyu."

Sufeto Ila ya dafe kai. "Tsaya. Magidanta masu furfura, masu 'ya'ya a jami'a, suka ɓata zumuncin shekara arba'in a kan tagar da ko iska ba ta shigowa ta cikinta?"

"Ba za ka gane ba, yallaɓai."

"Gaskiyarka. Tashi mu je. Wanda ya yi mini ƙarya sau ɗaya, a wurina yake kwana sai na gama."

Ranar Talata suka nufi Rafin Guza, inda Emmanuel yake da shagon buga katin biki da allunan talla. Dogo ne mai fara'a, har da sayo musu ruwan sanyi.

"Na ji abin da ya sami Yaya Samuel. Abin ya taɓa ni sosai."

"Ka je ka yi masa jaje?"

"Ban samu zuwa ba tukuna. Mun ɗan sami saɓani."

"A kan taga."

Fara'ar ta ragu. "Shida ne, yallaɓai. Duk mai ido ya san shida ne. Amma na bar masa kayansa, wata biyu ke nan ko hoton jirgin ban kalla ba."

"Ina kake ranar Lahadi da safe?"

"Coci. Ina cikin mawaƙa, jama'a duka sun gan ni."

Sufeto ya gyaɗa kai yana ƙare wa shagon kallo. A jikin bango, bayan injin buga takarda, an kafa ƙusoshi a jere. Kowace ƙusa tana ɗauke da waya a nannaɗe, an ɗaure ta da roba.

Ya miƙe kamar zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka ce duk mai ido. Abin tausayin ke nan. Ashe ba ka sani ba, Samuel makancewa yake yi. Likita ya ba shi wata biyu."

Kofin da ke hannun Emmanuel ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. 

A mota Sajan Rabi ta kasa haƙuri. "Yallaɓai, amana matar nan ta ba ka."

"Na sani, kuma zan ba ta haƙuri. Amma waya a naɗe ba hujja ba ce a gaban alƙali. In na kama shi yau ya musa, sai a jefa kwamfutar a kogi, mu yi wata shida muna shari'a, mai jirgi ya makance yana jira. Jirgin nake so ya fara dawowa. Ke dai je ki ga shugaban mawaƙan cocin."

Da la'asar ta dawo da labari. Emmanuel ya yi waƙar buɗe sujada, ya kuma yi ta rufewa. Amma tsakaninsu akwai wa'azi da sanarwa na kusan awa biyu, kuma ba wanda ya iya rantsewa ya gan shi a kujerarsa.

Ranar Laraba da azahar wayar Sufeto ta yi ƙara. Maryamu ce, tana magana numfashi sama-sama.

"Oga, ya dawo! Mun dawo daga asibiti muka tarar da buhu a baranda. Kwamfutar ce, da faifan duka biyu!"

"Kada kowa ya kunna ta. Malam Samuel fa?"

"An ɗiga masa magani, an ce ya rufe ido ya kwanta sai yamma."

Sufeto ya sa aka fito da Sharhabil, ya ba shi haƙuri a taƙaice, suka tafi gidan tare. Sharhabil ya jona wayoyin, ya kunna.

Abin da ya fito a sikirin ya sa Sufeto Ila ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Wani dogon lungu ne mai fitilu shuɗɗa. Ƙofa ta buɗe da kanta. Ga bene, ga bututu a rufi, har da ɗan tabon tsatsa a gindin wani ƙarfe. Ya ji kamar ya miƙa hannu ya shafa bangon.

"Ikon Allah! Ku kuka yi wannan? A Kurmin Mashi?"

"A wannan ɗakin, da wutar da ake kawowa awa huɗu," in ji Sharhabil.

Suka shiga ɗakin tuƙi. Ga kujerar kyaftin, ga allon tagulla mai suna biyu. Sai Sharhabil ya saki linzamin kwamfutar ya miƙe tsaye.

"Innalillahi! Yallaɓai, ƙirga tagogin nan."

Sufeto ya sa yatsa ya ƙirga. Shida.

"Ranar Juma'a da idona na gan su bakwai. Dubi nan, an taɓa fayil ɗin ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. An cire taga ɗaya, an matsa da sauran, an gyara bangon kamar ba a taɓa huda shi ba."

"Kai za ka iya wannan aikin?"

"Ni fenti da fitila na sani. Mutum biyu ne kawai za su iya."

Sufeto ya girgiza kai. Ya ga ɓarawon da ya sayar da kayan sata, ya ga wanda ya ƙone su, amma wanda zai saci abu ya zauna ya yi masa gyara, yau ya fara gani.

"Kira Emmanuel. Ka ce masa kaya sun dawo, muna roƙonsa ya zo ya duba mana ko an lalata wani abu. Kada ka ambaci taga."

Ƙarfe biyar Emmanuel ya iso. Idanunsa sun yi ja, ga alama bai yi barcin kirki ba. Maryamu ta riƙo hannun Samuel ta zaunar da shi a gefe, da auduga a kan idanunsa. Abokan biyu ba su gaisa ba.

"Malam Emmanuel, kai ka san jirgin nan ciki da waje. Bi shi ɗaki-ɗaki ka gaya mana in ɓarawo ya taɓa wani abu."

Emmanuel ya zauna. Ya bi lungu, ya duba ɗakin injin, ya hau bene, ya shiga ɗakin tuƙi. Ya juya hoton hagu da dama, ya wuce ta gaban tagogin, ya fito.

"Komai yana nan yadda yake, yallaɓai."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To, ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Wata uku kana rantsuwa tagogin nan shida ne. A kansu ka buga tebur, a kansu aka goge sunanka. Rabonka da jirgin nan suna bakwai. Yau ka shigo ka tarar da su shida, ko gira ba ka ɗaga ba. Da ni ne, ai da maƙwabta sun ji ihuna."



"Shida?" in ji Samuel, yana lalubar hannun kujera. "Wa ya mayar da su shida?"

"Wanda bai yi mamakin ganinsu ba," in ji Sufeto. "Wanda ya san gwangwanin wake, ya san tsawon wa'azin cocinku, kuma ko sata yake yi ba ya iya barin waya a warwatse."

Maryamu ta dafe ƙirji. "Yesu! Emma? Kai da kake cin tuwo a gidan nan?"

Emmanuel ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Ni ne, Yaya. Ni ne." Hawaye suka zubo masa. "Shekara shida ina wannan aiki. Ɗakin injin nawa ne, benen nawa ne. Na ji za ka sake shi ranar Asabar, duniya ta gani ba sunana. Na ce zan ɗauka in mayar da sunan kawai, ko da a ɗan lungu ne."

"Amma allon yana nan da suna biyu," in ji Sajan Rabi.

"Ban kai ga allon ba. Ina buɗe ɗakin tuƙi idona ya faɗa kan tagar nan. Na ce bari in ɗan gyara ta tukuna. Kafin in ɗago kai rana ta faɗi. Da Sufeto ya gaya mini maganar idonka, na rasa inda zan sa kaina. Na zauna zan mayar da ita bakwai kafin in dawo da kayan, kada a gane." Ya kalli tafin hannunsa. "Hannuna ya ƙi, Yaya. Shida ne."

Samuel ya sa hannu ya cire audugar.

"Baban Joy, likita ya ce sai yamma!"

"Yamma ta yi. Ku matso da ni."

Suka ja kujerarsa gaban tebur. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa sikirin. Ya daɗe yana kallo, yana bin bangon da ido a hankali, ya tsaya a kan kujerar kyaftin, sai ga murmushi ya suɓuce masa. Sannan ya koma kan tagogin yana motsa leɓe.

"Sufeto, kai ba ka da ɓangare. Nawa ka ce?"

"Shida, Malam Samuel."

"Ni bakwai nake gani." Ya nuna sikirin da yatsa. "Yanzu ma bakwai nake gani. Ta ƙarshen tana rabe mini biyu. Ashe tun farko idona ne."

 Sharhabil ya juya ya fuskanci bango. Sufeto Ila, wanda ya sha tsayawa a kan gawa bai ji ɗar ba, ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

"Na ji a jikina ko ni ne ba na gani daidai," in ji Samuel. "Amma in na yarda shida ne, na yarda ina makancewa ke nan. Sai na gwammace in goge sunanka. Yallaɓai, na janye ƙara. Ku bar shi."

"Ba a hannuna take ba yanzu. An fasa gida, an yi wa hukuma ƙarya, ga bawan Allah ya kwana biyu a tsare a kan laifin wani. Za ka iya faɗa wa alƙali abin da ka faɗa mini, kuma zan tsaya a kai cewa shi ya dawo da kayan da kansa."

Emmanuel ya miƙe ya miƙa hannayensa. Sajan Rabi ta zaro ankwa, ta dubi Sufeto, ta mayar da ita aljihu ta kama shi a gwiwar hannu. Sun kai bakin ƙofa sai muryar Samuel ta tsayar da su.

"Sharhabil, buɗe allon nan. Rubuta sunansa, da manyan baƙaƙe, yadda zan iya karantawa."

Sharhabil ya rubuta. Samuel ya sake manna fuskarsa a sikirin, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ya kai ƙarshe.

"Tagogin fa?" in ji Sharhabil.

"Bar su yadda mai ido ya gan su."

Emmanuel ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Sajan Rabi ta buɗe masa ƙofar mota ya shiga, Sufeto Ila ya zauna a gaba ya ce wa direba su tafi.